Hancin Magaji da Kwalabe Huɗu

A Aliero kowa da abin da yake ci da shi. Wani gona, wani mota, wani hannun ɗori. Magaji, ɗan kawunmu, hanci Allah Ya ba shi, kuma da aka tashi ba shi ba a yi masa ƙwauro ba. In zai shigo zaure hancin ne ke fara sallama, sai an amsa an shimfiɗa tabarma sannan sauran jikin ya iso. Mu taubasansa mun sha roƙonsa ya yanka mana fili a gefe mu gina shago, bai taɓa ba mu amsa ba.

Amma hancin ba na ado ba ne, da shi yake ciyar da gidansa. In an cire albasa a ƙarshen rani, masu hali ba sa gaggawar sayarwa. Sai su zuba ta a rudu, wato gadon kara da ake ɗagawa daga ƙasa a yi masa rufin ciyawa, ta zauna nan har kasuwa ta yi kyau. Ita kuwa albasa ba ta iya ruɓewa ita kaɗai. Guda ɗaya in ta lalace a tsakiyar tuli, sai ta ja maƙwabtanta, su ma su ja nasu, musamman in damina ta sauka iska ta yi laima. Ido ba ya ganin tsakiyar tuli. Zazzage rudu gaba ɗaya don a duba kuwa wahala ce, ga ƙujewa, ga jin tsoron ruwan sama. To nan ne aikin Magaji. Zai zagaya rudun hannuwa a baya, kamar liman yana duba sahu, ya tsaya, ya ja iska, ya nuna da sanda ya ce a tono nan. A tona, a tarar. An ce ranar sunansa ma, da wanzami ya ɗauke shi, juya kai ya yi ya dinga yi wa wani buhu kuka a kusurwar zaure har sai da aka kwance buhun. Ban halarta ba, amma na yarda.

Yadda mai doki ke tattalin dokinsa, haka Magaji ke tattalin hancin nan. Ba ya shafa turare ko ranar Juma'a, kuma in wani mai ƙamshi ya tsaya kusa da shi a masallaci sai ya canja sahu. Ba ya zama wajen mai tsire, ba ya tsayawa inda ake zuba fetur. Matarsa Kubura 'yar Jega ce, daga gidan da matansu suka shahara da haɗa turaren wuta, kuma uwarta ta haɗo ta da kasko da kwalabe cike da turare. Washegarin tarewa Magaji ya roƙi arziki a ɗauke su. Kubura ta ɗora kaskon a saman kabad, ya zauna can har 'ya'yansu suka yi wayo suna zaton na shan ruwan kaji ne aka ajiye don tarihi.

Sai ga wata mura mai zazzaɓi da ta zaga gari a shekarun nan, ta kwantar da Magaji daidai lokacin da ake gama zuba albasa a rudu. Ya warke, ya tashi, hancin bai tashi ba. Da safe ya ci ƙosai ya ji kamar auduga yake taunawa. Bai yarda ba, ya tafi bayan mahauta inda ake zubar da ruwan tumbi, wurin da ko angulu sai ta yi shawara kafin ta sauka. Ya tsaya ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika. Iska ya ji, mai sanyi, mai daɗi. Ya daɗe a tsaye a wurin, har wani mahauci ya tambaye shi ko ya yar da wani abu ne. Ya ce e.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da zagaya rudu hannuwa a baya, yana jan iska da ƙarfi don a ji, idonsa kuwa na kan ƙudaje yana duba inda suka fi taruwa. Da yake lokacin albasa ba ta fara lalacewa sosai ba, ƙudajen suka riƙe masa aikin na ɗan lokaci, ba tare da an sallame su ba.

Kubura ce ta fara lura. Mutumin da ke gane miya ta kwana tun daga bakin titi, ya cinye tuwon da ya kama ƙasan tukunya har ya ce a ƙaro. Wata ranar Alhamis da la'asar ta taka kujera ta sauko da kaskon, ta kakkaɓe shi, ta zuba garwashi, ta barbaɗa turaren uwarta. Gida ya ɗauki ƙamshi har awakin maƙwabta suka daina kuka suka tsaya. Ta ɓoye kaskon a bayan randa. Magaji ya yi sallama ya shigo, ya zauna, ya nemi ruwa.

"Malam, ba ka ji komai ba?" in ji ta.

"Mi zan ji? An yi rasuwa?"

Ta ɗauko kaskon da sauran ɗuminsa ta ajiye a gabansa. Ya dube shi, ya dube ta, ya sake duban kaskon.

"Kak ki hwaɗa ma kowa," in ji shi.

"To. Amma Balkisu ba kowa ba ce."

Balkisu ƙanwarsa ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Jega. Ta haska cikin hancin da fitilar waya, mu dai an ce mana hasken bai kai ƙarshe ba, sannan ta kai shi wurin likita ya duba. Aka ce ba toshewa ba ce, murar ce ta taɓa jijiyoyin jin ƙamshi, kuma ba shi kaɗai abin ya sama ba. Ba wata ƙwaya da za a haɗiya. Akwai dai wata dabara: a samu mai iri huɗu masu ƙarfin ƙamshi, na kanumfari, na lemun tsami, na furen wardi da na na'a-na'a, a riƙa sunsuna kowanne kaɗan safe da yamma, mutum yana tuno ƙamshin a ransa, kamar ana yi wa hancin bitar karatu. Zai ɗauki watanni. Hancin wani yakan dawo, na wani ba ya dawowa.

"Ba a sha, Yaya," in ji Balkisu. "Ba a shahwawa. Ba a ɗigawa ciki. Sunsunawa kawai."

"Shi ke nan maganin? Sunsune?"

"Kai da ka aje iyali da sunsune, yau shi kake rainawa?"

Ta ja shi layin masu turare a kasuwar Jega, layin da tun tasowarsa yake kewaye shi ta wajen masu hatsi don kada ya bi ta ciki. Mudi mai turare, wanda ke da rumfar farko, ya gan shi ya ajiye mazurarin da ke hannunsa.

"Magaji a layinmu? Albasa ta ƙare a duniya?"

"Na mai ɗakina ne," in ji Magaji.

"Har kanumfarin?"

"Haƙori ke damunta."

"Wardin fa?"

"Shi ma haƙorin."

Mudi ya ɗaure masa 'yan kwalabe huɗu, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, ya ce Allah Ya ba haƙori lafiya.

Aka yi makonni Magaji yana sunsune, bai ji ko alama ba. Sai ya zauna ya yi tunani irin nasa. Ya ga cewa Balkisu ta auna maganin ne da hancin mutane na yau da kullum, wanda kuwa yake da babban rumbu ba a auna masa da ludayi. Ya samu tsinken tsintsiya ya tsoma a man kanumfari ya ɗiga a kowace ƙofa. Atishawar da ya yi, mutanen ƙauyen Gehuru sun ce sun ji ta, wasu har sun kwashe shanya. Hawaye ya yi ta zuba har azahar. Hancin ya kumbura ya yi ja, mu da muke zaton babu sauran wurin ƙari muka zo muka ga akwai.

"Yaya," in ji Balkisu a waya, "cewa na yi ka gaishe shi daga nesa. Ban ce ka sauke shi a ɗakinka ba."

Daga ranar Kubura ta karɓe kwalaben ta ɗaure a bakin zane. Bayan sallar asuba da bayan la'asar sai ta zaunar da shi a tabarma, ta ce ya rufe ido, ta buɗe kwalba ɗaya ta riƙe a ƙasan hancin, ba kusa sosai ba.

"Wanga mi ne?"

"Ruwa."

"Lemun tsami ne. Tuna shi. Wanga fa?"

"Ruwa."

"Wardi ne. Tuna shi."

"Ina zan tuna abin da ban taɓa yarda na sani ba?"

"Ka san shi," in ji ta. "Shi ne a jikina ranar da aka kawo ni, kahin ka ce a ɗauke."

Magaji bai buɗe ido ba. Ya ce ta sake riƙe wannan ɗin tukuna.

Ana cikin haka damina ta kankama. Babban mai ba Magaji aiki shi ne Alhaji Nafi'u na Gumbin Kure, can wajen Maiyama, dattijo mai rudu da yawa da magana kaɗan. Tun zamanin mahaifin Alhaji Magaji ke duba musu albasa, kuma duk inda Alhaji ya sa ƙafa nan sauran masu albasa ke sa tasu. In ya daina kiran mutum, kowa ya daina. Magaji ya je ya zagaya masa wani rudu, ƙudaje ba su ce komai ba, shi ma ya ce lafiya lau. Ba a jima ba mata masu wucewa zuwa rijiya suka fara toshe hanci a wurin. Da aka tona, kusurwa guda ta zama kunu. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce kowa yana kuskure, ya kuma daɗe yana kallon hancin, kamar mai duba tayar da yake zargin tana sacewa.

Wata safiya Kubura ta buɗe kwalba, Magaji ya buɗe baki zai ce ruwa, sai ya fasa. Wani abu ya ji can nesa, siriri, kamar mutum yana kiransa daga ƙetaren gulbi.

"Kanumfari," in ji shi.

Kubura ta duba kwalbar don ta tabbatar, ko da yake ita ta buɗe ta. Magaji ya nuna farin cikinsa iyakar yadda ya iya, wato ya ce a ƙara masa kunu. Bayan 'yan kwanaki lemun tsami ya iso, na'a-na'a ta biyo baya. Wardi ne ya zo a ƙarshe, kuma bai faɗi sunansa ba da ya zo, gyaran murya kawai ya yi.

Ran nan yana zaune a tsakar gida Kubura ta sa wuƙa a albasa. Wani wari ya taso masa, kamar an ƙona taya an ɗora mushen ɓera a kai. Ya miƙe tsaye. Ya ce albasar nan ta ruɓe. Kubura ta juya ta ta ce ƙalau take, ga ta nan fara tas. Ya ce mata ba su san albasa ba. Ya sa hula, ya hau mota, sai Gumbin Kure, don ya nuna wa Alhaji cewa hanci ya dawo bakin aiki.

Tun kafin ya isa babban rudun warin ya tare shi a hanya. Ya zagaya gabas, wari. Yamma, wari. Ya ɗaga sanda ya rasa inda zai nuna, sai ya zana da'ira a iska.

"Ina za a tona?" in ji Alhaji Nafi'u.

"Duka, Alhaji. Ba ta da sauran mamora."

Alhaji ya tara leburori, aka shimfiɗa tamfol, aka zazzage rudun kaf, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Aka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Albasa ja, mai ƙyalli, mai tauri, ko amarya aka kai wa ba za ta mayar ba. Babu ruɓaɓɓiya ko guda. Aka mayar da ita a guje yayyafi yana dukan bayan mutane, wadda ta ƙuje ta ƙuje. Magaji yana tsaye a gefe ya toshe hanci da hula.

"Magaji," in ji Alhaji, a hankali, "ko dai ka huta bana?"

Labari ya riga shi isa Aliero. Wayarsa da ba ta hutawa a damina ta yi shiru, har yana duba ko caji ne ya ƙare.

Balkisu ta ce wannan ma sananne ne. Wani lokaci in hanci zai dawo, sai ya dawo kamar gidan da mai gyaran wuta ya haɗa wa waya a juye: ka kunna fitila, fanka ta tashi. Albasa da tafarnuwa da soyayyen nama su suka fi juyewa. Ta ce a ci gaba da kwalabe. To amma ku duba lamarin. Ɗan Aliero, haifaffen Aliero, a garin da ko bango ka jingina da shi sai ka tashi da ƙamshin albasa, ya wayi gari ba ya iya zama kusa da ita. Aka ware masa tukunyar miya tasa, lami, irin ta marasa lafiya. Ya koma yawo da ƙyalle mai ɗigon kanumfari a aljihu, in motar albasa ta wuce ya kai hanci. A gida kuwa abu ɗaya ne ke kore masa warin gari: kaskon Kubura. Shi da kansa yake tuna mata garwashi ya yi. Ita kuma sai ta ce tana zuwa, ta gama abin da take yi tukuna, ba gaggawa.

Wata rana da hantsi yana zaune ƙyalle a hannu, Kubura ta wuce ta gabansa da wani abu a cikin tsumma za ta kai bola. Ya ɗaga kai.

"Wa ya kawo nakiya?"

"Wace nakiya?"

"Ga ta nan kin ɓoye. Har da zuma."

Ta buɗe tsumman. Albasa ce da ta ruɓe a ƙasan kwando, ta yi baƙi tana tsiyaya. Kubura ta kawar da fuska. Magaji ya karɓa da hannu biyu ya kai hanci, fuskarsa ta saki irin sakin da ba ta yi ba ko ranar aurensa. Ya sa aka kawo mai kyau, ya sunsuna, ya kusa amai. Ya koma kan ruɓaɓɓiyar, ya huta.

Da yamma aka gan shi a bayan kasuwar albasa, inda ake zubar da wadda ta lalace, yana tafe a hankali yana murmushi, yana tsayawa nan da can. Mu dangi muka fara shawarar wa zai gaya wa kawu. Shi kuwa karatu yake yi. Wadda ta fara taɓuwa, ƙamshin nakiya sabuwa. Wadda ta yi nisa, har da ɗan ƙauri.

Ya koma Gumbin Kure ba tare da an kira shi ba. Ya sami Alhaji Nafi'u a gindin bishiya, ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa, ya faɗa masa komai tun daga murar har ƙudajen. Alhaji ya saurara bai katse shi ba.

"To yanzu," in ji Alhaji, "mai kyau ita ke yi maka wari, ruɓaɓɓiya kuwa ƙamshi?"

"Haka ne, Alhaji."

"Ikon Allah. Na san mutane da yawa masu wagga lalura, amma kai kaɗai ka zo ka hwaɗa."

Akwai rudu ɗaya da ba a taɓa ba tun da aka zuba shi, mafi girma a cikin waɗanda suka rage. Alhaji ya ce ba za a sake zazzage masa albasa a cikin damina ba. Wuri ɗaya zai nuna, hannu ɗaya za a zura. In ba a samu komai ba, su rabu da mutunci, ya riƙa zuwa gaisuwar Sallah.

Magaji ya sa hannuwa a baya ya fara zagaye. Fuskarsa kamar wanda aka ɗura wa maɗaci. Ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya fito da ƙyallen kanumfari ya huta, ya mayar, ya ci gaba. Ya tofar da yawu a kudu. Ya yi tari a yamma. Leburori suna kallon Alhaji, Alhaji yana kallon hancin. Ya gama zagaye guda bai nuna ko'ina ba, ya sake ɗaukar wani, wannan karon a sunkuye, hancin yana gogar kara. A kusurwar arewa, ƙasa-ƙasa, ya tsaya. Goshinsa ya warware. Haƙoransa suka bayyana, har da na gefen da ba mu san yana da su ba.

"Ku tono nan," in ji shi.

Wani lebura ya zura hannu har kafaɗa. Ya fito da shi a jiƙe. Aka buɗe wurin, aka tarar da ruɓa kamar cikin ƙwarya, ta fara kama na kewaye ke nan. Aka kwashe, aka rufe. Alhaji ya duba abin da aka kwaso, ya duba Magaji da ke ta murmushi a kansa.

"Gobe ka duba na bakin hwadama," in ji shi. "Ka tahi da ƙyallenka."

Haka Magaji yake aiki har yau, daga Aliero zuwa Jandutsi zuwa Maiyama. Masu albasa sun daina duban sandarsa, fuskarsa suke duba. In ya zagaya rudu yana yamutsa fuska yana tofar da yawu, mai rudu ya yi hamdala ya sa a kawo masa fura. In ya yi murmushi, a kira leburori. Har yanzu ba ya cin miya mai albasa, kuma har yanzu Kubura tana zaunar da shi safe da yamma da kwalabenta, ko da yake ya daɗe da haddace su. Mudi mai turare yana tambayarsa lafiyar haƙori duk ranar kasuwa. Balkisu ta ce wata rana wayoyin na iya komawa daidai, Alhaji Nafi'u kuma ya roƙi in hakan za ta faru a sanar da shi tun da wuri.

Ranar Sallar da ta wuce ya zo gaishe da mahaifiyarmu. Na miƙa masa hannu a zaure, ya riƙe, ya matso kusa, ya ja iska, ya yi mini wani murmushi mai faɗi. Na koma ciki na sake wanka.